Hannun Aro a Iskandariyya

Duk wanda ya san ni a Ƙofar Kwaya da lalle ya san ni. Hindatu mai lalle ake ce mini, don tun ina budurwa amaren unguwarmu ba sa tarewa sai na zauna a gaban ƙafafunsu. Da mijina ya rasu ya bar ni da ɗiya guda, Nafisa, na koma gidanmu wurin Inna, lallen nan shi ya riƙe mu. Shi ne kuma aka yaudare ni da shi zuwa Masar. Wata Hajiya Larai, 'yar garinmu da ta daɗe can, ta ga aikina a hannun wata amarya a waya, ta aiko cewa akwai babban shagon gyaran amare a Alƙahira da ke neman irina ruwa a jallo. Nafisa ko yaye ba ta daɗe da yi ba na bar ta a cinyar Inna.

A filin jirgi Hajiya Larai ta rungume ni kamar 'yar cikinta, tana ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ba mu kai ga mota ba ta miƙo hannu.

"Kawo fasfon in adana miki, 'yar nan. Garin nan ɓarayi sun fi masu gari yawa."

Na ba ta har ina godiya.

Gidanta a can saman wani tsohon bene yake, ɗaki biyu, an shimfiɗa katifu har bakin ƙofa. 'Yan mata ne zube, wasu na Kano, wasu na Maraɗi, ba wadda ta ɗago ta dube ni da kyau. Da gari ya waye na fito da ledojin lallena da almakashi na ce yaushe za mu shago. Wata daga cikinsu ta tuntsire da dariya, ta rufe baki da gyale. Hajiya Larai ta ce, "Shagon ya rufe. Amma aiki bai ƙare ba a Masar."

Aikin da bai ƙare ba shi ne wanke-wanke da goge-goge. Aka kai ni gidan wasu masu hali, miji da mata da yara huɗu, aka nuna mini wani lungu tsakanin kicin da injin wanki aka ce nan ne makwancina. Albashi ban taɓa ganin launinsa ba, hannun Hajiya Larai yake zuwa, wai sai ta gama cire abin da ta kashe. Larabcin da na koya a Islamiyya kuwa bai cece ni ba. In na buɗe baki sai yaran su faɗi ƙasa don dariya, wai ina magana kamar liman a kan mumbari. Abin da ya fi ci mini rai hannuwana ne. Maganin wanke banɗaki ya cinye fatar yatsuna ta tsattsage, har na kan dube su in kasa yarda su ne suka yi wa amare fure. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, matar gidan ta haɗa kayana a leda ta kira a zo a ɗauke ni, ta ce ba ta sayi majinyaciya ba.

Ina murmurewa Hajiya Larai ta ce ta samo mini wani wuri a Iskandariyya, can bakin teku. "Tsohuwa ce ita kaɗai. Ba mai iya zama da ita, amma ke na ga kina da sanyin hali." Ta rubuta adireshi ta sa ni a jirgin ƙasa ni kaɗai. Ina zaune na maƙale jaka a ƙirji, wata matar ƙauye da ke fuskantata ta yi ta kallona. Na zaci irin kallon nan ne da na saba da shi. Can sai ta tsaga gurasarta biyu, ta cusa cuku a ciki ta ɗora mini a cinya, ta mayar da kai taga. Da muka isa Iskandariyya na sauka na shiga tasi.

Ni da ruwan da na taɓa gani mafi girma shi ne madatsar Ajiwa, ranar da makarantarmu ta kai mu yawon buɗe ido, sai ga tasi ta karya kwana da ni, gabana ya zama ruwa har inda ido ya ƙare. Na dafe kujera na yi salati da ƙarfi. Direba ya waigo ya ce lafiya? Ƙarnin kifi da gishiri ya cika mini hanci.

Mai gadin gidan da na je wani dattijo ne baƙi kamar ni, Baba Ramadan, mutumin kudancin Masar. Ya karɓi jakata, ya zaunar da ni a bencinsa ya ce in huta kafin in hau, don wadda ke sama sai da ƙarfin zuciya. Ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da kofin gilashi. Na kurɓa, na tsaya. Zoɓo ne. Zoɓo sak irin wanda Inna ke ƙullawa a leda yara su saya a ƙofar gida. Ban san sa'ad da hawaye ya zubo ba. Dattijon ya rikice, yana tambaya ko sukari ne bai ji ba.

Madam Su'ad doguwa ce siririya, gashinta fari fat a buɗe, da tabarau mai kauri. Hannayenta rawa suke ba ƙaƙƙautawa, ko kofi ba ta iya kaiwa baki sai rabin abin da ke ciki ya zube. Da can malamar zane ce a wata makarantar 'yan mata. Ɗanta guda yana aiki a wata ƙasar Larabawa, shi ke biyan masu kula da ita, ita kuma tana korarsu. Ranar farko da na ɗauki cokali zan ba ta miya a baki, ta fizge ta jefe ni da shi.

"Ni ba jaririya ba ce!"

Na tsince cokalin na wanke na ajiye mata. Haka muka yi ta zama, tana faɗa ina shiru. Akwai wani ɗaki a ƙarshen gidan da kullum yake kulle, wani wari mai kama da na kananzir da man gyaɗa yana fitowa ta ƙasan ƙofarsa. Ta ce ko tsintsiya kada in kai wurin.

Ranar jajiberin Babbar Sallah kewar gida ta kama ni kamar ciwo. A irin ranar tsakar gidanmu ba masaka tsinke, mata da 'yan mata sun miƙe ƙafafu a tabarmi, ana ta shewa, ragon layya yana kuka a zaure, Inna tana faɗan an zubar mata da ruwan randa. Da na fita cefane na ga garin lalle wurin mai kayan ƙamshi na saya. Bayan la'asar, Madam tana gyangyaɗi, na kwaɓa, na naɗe leda na huda bakinta, na zauna a baranda ina yi wa hannuna na hagu. Ban ji tahowarta ba sai da inuwarta ta faɗo kaina. Ta damƙi hannun ta kai shi dab da tabarau, ta juya shi gaba da baya.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ni ce, Madam."

"Ba ki fara zanawa da biro ba?"

"A'a. Haka nake yi."

Ta ja kujera ta zauna, ta miƙo mini nata hannun mai rawa. "Yi mini."

Na ɗora shi a gwiwata na danne da yatsu biyu, yadda nake yi wa amaren da tsoro ke sa wa kyarma. Ba ta kalli hannunta ba ko sau ɗaya, nawa take kallo.

Washegari, mutane suna dawowa daga Idi, ta ciro makulli daga wuyanta ta buɗe ɗakin nan. Zane-zane ne jingine a bango sun ba mutane baya, da buroshi cike da gwangwanaye, da bututun fenti kamar na man goge baki, wasu sun bushe sun ƙandare. Ta sa na ɗauko wani ƙaton littafi na buɗe inda ta nuna. Hoton bakin teku ne, wani Bafaranshe ya zana shi tun zamanin kakannin kakanninmu. Sararin sama ya cinye fiye da rabinsa. A ƙasa ga mutane sun taru a kan yashi, mata da manyan riguna kamar an kifa kwando, wasu zaune a kujeru, wasu tsaye da laima, maza da baƙaƙen huluna, duk sun fuskanci ruwa, iska tana jan mayafansu gefe guda.

Ta ce shekarar da aka yi mata aure ta kwaikwayi hoton nan da fentin mai, ta rataye a falo, ita da mijinta suka tsufa a ƙarƙashinsa. Bayan rasuwarsa wani ruwan sama mai ƙarfi ya fasa rufi ya bi bango ya ruɓar da shi. Ta sayi kaya za ta sake, sai hannu ya ƙi.

"Idona da saura, hannuna ya tafi. Ke kina da hannu, ido ne ba ki da shi. Za ki ara mini."

Na ce ni fa fure da ganye nake zanawa, malaminmu ya hana mu zana abu mai rai. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta miƙo mini gilashin da take karatu da shi ta ce in nemo mata fuska guda a cikin mutanen. Na sunkuya na duba. Babu ido, babu hanci, babu baki. Abin da nake gani mace ce daga nesa, da na matso ɗigon fari ne da shafen baƙi da ɗan ja a gefe. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba sai da na kira Inna. Ta saurare ni har na gama ta ce, "Abin da ba ya da ido ba ya da baki ai tsumma ne, ɗiyar nan. Ke dai yi abin da zai sa tsohuwar ta bar jifar ki da cokali."

Haka na shiga makarantar Madam Su'ad. Ta koya mini ɗaure yadi mai kauri a jikin katako har ya yi ƙara kamar ganga, da shafe shi da fenti ruwan ƙasa tsararo kafin a fara komai, don farinsa kada ya ruɗi ido. Ta koya mini a fara da fenti mai ruwa-ruwa, mai kauri ya zo daga baya, in aka juya sai ya tsage in ya bushe. Tana zaune a bayana da sanda, tana nuna inda zan taɓa. In na matsa kusa har hancina zai gogi yadin, sai in ji sandar a kafaɗata. "Koma baya. Daga can ake gani."

Lalle ya ba ni hannu, amma shi ya fi ba ni wahala. Mu layi muka sani, siriri, a tafi da shi ba tsayawa. Mace ta farko da na yi, sai da na zagaye ta da baƙin layi tsaf, na kuma jera mata 'yan furanni a bakin riga. Ni dai ta yi mini kyau. Madam ta dube ta, ta ce in ɗauki 'yar wuƙar haɗa fenti in kankare. Na ce me ta yi?

"Leƙa taga. Ga mace can tana tafiya. Wa ya zagaye ta da layi?"

Na kankare ina hawaye. A lalle ba a gogewa, in hannu ya kuskure sai ka mai da wurin fure ka wuce. Aikin wuni guda ya taru a bakin wuƙa kamar kashin kaji, ta ce in shafe a tsumma.

Da muka zo kan ruwa na matso shuɗi zalla na lafta, yadda muke yi a firamare. Ta ce in ajiye buroshi in tafi bakin teku in zauna, kada in dawo sai na ga launinsa. Lokacin sanyin garin ya shigo, irin sanyin nan mai jiƙa da ke ratsa ƙashi. Na zauna a kan katangar bakin ruwa na ƙudundune cikin hijabi, igiyar ruwa tana dukan duwatsu tana fesa mini gishiri. Wasu samari suka wuce suna kirana da sunan alewa baƙa suna dariya. Na so in tashi, amma na fi tsoron komawa hannu rabbana. Na yi ta zuwa. Wata rana na dawo na ce mata, "Madam, ba shuɗi ba ne. Kusa da yashi kamar ruwan da aka wanke gero, tsakiya kore-kore, can ƙarshe kuma kamar gindin tukunyar dalma." Ba ta san gero ba, sai da na kwatanta. Ta ce, "To haɗa."

Sararin sama ne kaɗai bai ba ni wuya ba. Gizagizan hoton irin hadarin nan ne da ke tasowa daga gabas a farkon damina, ya tsaya saman Ƙofar Marusa ya yi duhu, mata su yi ta gudun kwashe shanya, iska mai ƙamshin ƙasa ta kaɗo. Na rufe littafin ma ban sani ba, na yi ta shafawa. Da na waigo na ga Madam ta ajiye sanda a cinya.

"Wannan kin san shi tun kafin ki zo," in ji ta.

Daga nan zama ya canza. Baba Ramadan ya nuna mini shagon wasu 'yan Sudan inda na samo busasshiyar kuɓewa, na tuƙa tuwon shinkafa. Madam ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, sannan ta cinye, har ta bari na riƙe mata kwano. Mutanen cikin hoton kuwa, da yake sun yi mini kama da 'yan biki suna jiran a fito da amarya, sai na raɗa musu sunayen matan unguwarmu don in riƙa bambancewa. Madam ta kama sunayen da bakinta na Larabawa. Sai ka ji ta ce, "Inuwar Gwaggo Asabe ta yi nauyi, rage," ko "Ladidi ta karkace, za ta faɗi daga kujera." In yi ta dariya har buroshi ya suɓuce.

Abin da ban iya dariyarsa ba shi ne kiran gida. Nafisa ta yi wayo, ta shiga makaranta, duk a waya na ji. In Inna ta ce, "Zo ga uwarki," sai in jiyo ƙafafunta tana gudu waje. Ranar da aka kamo ta da ƙyar ta ce, "Anti, ina wuni," ta miƙa wa Inna wayar.

Ana haka wata safiya maƙwabciyarmu ta kira. Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, Nafisa tana gidan maƙwabta. Na kira Hajiya Larai ina kuka na roƙe ta fasfona. Ta yi mini jaje sosai, ta yi wa Inna addu'a, sannan ta ce ban gama biya ba, in ƙara haƙuri.

Ban faɗa wa Madam ba. Na ɗaura tsumma na tsaya gaban zane kamar kullum. Ban yi shafa uku ba ta ce, "Yau hannu biyu ke rawa a ɗakin nan. Me ya faru?"

Na faɗa mata duka, har zancen fasfo da albashi, wanda ashe ba ta taɓa sani ba. Ta juya ta kalli zanen. Gefen dama duk ruwan ƙasa ne, ba a taɓa shi ba.

"Saura mata uku da laima," ta ce. Ta tashi ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Na ce a raina shi ke nan, ita ma ta samu hannu ba za ta saki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da safe na tarar da ita a falo sanye da baƙar kwat, ta ɗaure gashi, ta goga jan baki ya ɗan zarce leɓe. Baba Ramadan yana tsaye da sabuwar jallabiya. Ta ce, "Ɗauko jakata. Ki nuna mana gidan matar nan."

Matar da ko bakin titi ba ta sauka sai da dalili, ita ta zauna a jirgin ƙasa har Alƙahira. Benen Hajiya Larai ba shi da na'urar hawa. Ta hau shi da ƙafarta, ni a dama Baba Ramadan a hagu, tana tsayawa a kowane hawa tana haki, in na ce mu huta ta harare ni. Da aka buɗe ƙofa ta ratsa katifun nan ta zauna a kujera guda da ke ɗakin. Hajiya Larai ta fara zuba Larabci mai daɗi, ta kawo zancen kuɗin jirgi da na biza da na ci da sha. Madam ta bar ta ta gama.

"Kin ga yadda nake numfashi?" ta ce. "Likita ya ce zuciyata ba ta son bene. Ba zan tashi daga kujerar nan ba sai da fasfon yarinyar nan. In kuma na mutu a kanta, ke za ki yi wa hukuma bayanin abin da ya kawo tsohuwa Bamisriya ta mutu a ɗaki cike da 'yan mata da takardunsu ke cikin akwatinki."

Ta jingina kai ta lumshe ido. Baba Ramadan ya fara salati a hankali, ban sani ba ko da gaske yake ko taya ta yake. Hajiya Larai ta dube ni ta ce da Hausa, "Hindatu, ni za ki yi wa haka? Ni da na fito da ke?" Ta shiga ciki, muka ji ƙarar makulli, ta fito ta wurgo fasfon a katifa. Madam ta buɗe ido ɗaya ta ce in duba ko nawa ne.

Sauran wahalar ta ofis ce, don bizata ta daɗe da ƙarewa. Awarwaron zinaren da ke hannun Madam tun ranar da na fara ganinta, wata safiya na ga babu shi, da yamma Baba Ramadan ya kawo takardar jirgi. Na jiyo ɗanta a waya yana ɗaga murya, tana ce masa hannunta ne, awarwaronta ne.

'Yan kwanakin da suka rage mun yi su a tsaye gaban zane. Ba ta ƙara sa ni kankarewa ba, ko don na iya ne ko don ba lokaci, ban sani ba. Matan uku suka samu wurinsu. Ranar da zan tafi saura laima guda, ja, ta matar da ke tsaye a can ƙarshe. Na haɗa jan na ɗebo a buroshi, sai ta ce, "Ba ni." Ta miƙe ta dafa kafaɗata. Na kai hannu zan riƙe mata wuyan hannu, ta ce, "Sake ni." Buroshin ya yi ta lilo a iska, sannan ya sauka. Laimar ta fito a karkace, bakinta ya ja gefe kamar iska ta fizge ta. Ta koma baya ta duba, ta yi wata dariya da ban taɓa ji daga gare ta ba.

Na durƙusa zan yi mata sallama, kalmomin Larabcin duk suka gudu, na yi ta yi mata godiya da Hausa. Ta dafa kaina, hannun yana rawa a kan hijabina. "Tashi, 'yata, za ki makara. Ki kula da rigarki, fentin bai bushe ba." Ban taɓa ganin zanen nan a bushe ba.

Da la'asar sakaliya mai keke ya sauke ni a Ƙofar Kwaya. Mai shagon kusa da gidanmu ya ƙara firji, an yi wa masallaci sabon fenti, ƙamshin ƙosai yana tashi daga inda yake tashi tun ina yarinya. Wata yarinya da rigar Islamiyya tana tsaye a bakin zaure, ta dube ni ta dubi akwatina, ta juya ciki ta ɗaga murya.

"Inna, kin yi baƙuwa!"

Inna ta rayu, har ta koma takawa da sanda, maganarta ta dawo sai 'yar sarƙewa. Na koma lallena, amare suka dawo. Wasu suna cewa hannuna ya canza, wai yanzu ina barin fili, ba na cika ko'ina da fure. Nafisa kuwa sai a hankali. Tana karɓar abinci a hannuna, tana bari in yi mata kitso, amma in za ta kwanta bayan Inna take zuwa, kuma ba ta kirana da kowane suna. Sai dai ta zo ta tsaya har in dube ta.

Duk Juma'a nakan kira Baba Ramadan, ya hau sama ya kara wa Madam waya a kunne, ta tambaye ni ko ina zane, in ce ba a sayar da irin fentin a nan, ta ce ƙarya nake, ragguwa ce ni. Wata Juma'a a damina ta biyu da dawowata, shi ya riga ni kira. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi ruwa. Sannan ya yi salati ya ce Madam ta rasu.

Washegari na jiƙa shinkafa na soya waina kwano guda ta sadaka. Na ɗora wa Nafisa tire ta shiga da ita gidajen maƙwabta. Ina zaure ina kankare tanda na jiyo matar gidan da ke jikinmu tana tambayarta ta wace ce, wa ya rasu.

"Mamata ta ce tsohuwar da ta sako ta a jirgi ce."

Na ajiye tandar. Na zauna a dandamalin zaure har ta dawo da tiren, ta miƙo mini ta ce gida biyu ba su samu ba. Na tashi na sake hura wuta.